Saura Kwana Tara Lantana Ta Fita Takaba

Shekara talatin da tara Hajiya Lantana ta yi a gidan Alhaji Ashafa, cikin lungunan nan da ke bayan Hubbare, kuma a duk tsawon shekarun sau ashirin da uku ƙafarta ta ƙetare dokin ƙofar zaure. Ita da bakinta take lissafa su idan hira ta kawo, ba ta mance ko ɗaya. Asibiti sau goma sha ɗaya. Dundaye, garinsu, sau takwas, biyu daga ciki rasuwar iyayenta ce ta kai ta. Ofishin alhazai sau uku, hoto da allura da bita. Sai tafiya Makka, ɗaya. Duk a mota aka yi su, motar kuma takan matso ne har bakin ƙofa, taku uku ta shige.

Masu iya magana sun raba kulle gida uku. Akwai kullen zuci, inda mace za ta fita harkokinta, kamun kanta shi ne katangarta. Akwai kullen tsari, wanda ake zuwa suna da biki da dubiya idan maigida ya yarda. Sannan akwai kullen dinga, wanda sai ciwo ko mutuwa ke fitar da mace. Wannan na ukun shi ake yi a gidan su Alhaji Ashafa. Gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Shi kaɗai ne ya ajiye littafi ya bi shanu, ya zama dillali a Kara, amma tsarin gida bai taɓa shi ba. Zaure biyu ake wucewa kafin a kai tsakar gida, a goshin na biyun an rubuta "Ba a shiga" da shuɗin fenti, kuma a idon Lantana sau huɗu aka sabunta rubutun.

Kada wani ya ɗauka da kuka ta shigo. Tana da shekara ashirin aka kawo ta, da sonta, kuma ta san irin gidan da za ta. Yarinyar da ta tashi a Dundaye tana ɗaukar tulu sau shida a rana, ta kai abinci gona, ta dawo da itace a ka, in aka ce mata daga yau ruwa zai same ta a randa, ai hutu take gani da daraja. Ƙawayenta har tsiya suke mata, wai ta tafi birni ta yi fari. Ba zaman banza ta yi ba kuwa. Naman da Alhaji ke shigowa da shi ita ke mayar da shi dambu, dambun da sai da sunansa ya kai har Sabon Gari, wurin mutanen da ba su san ko doguwa ce ko gajera mai yin sa ba. Ta haifi bakwai, biyar suka rayu. Ta sauke Alƙur'ani a ɗakinta tana da shekara arba'in da ɗaya, a hannun wata tsohuwa mai bin gidaje tana karantar da mata.

Fita kuma tana da ƙa'idarta. Za ta jira Alhaji ya gama cin abinci, ta durƙusa a gefe, ta ce tana son zuwa wuri kaza. Shi kuma amsarsa kalma uku ce: "A dawo lahiya." Sau ashirin da uku ta tambaya, sau ashirin da uku ya faɗi haka, bai taɓa hana ta ba. Sa'o'inta da yawa, da suka fara ganin jikoki, sun sassauta, suna zuwa unguwa da ƙafarsu, don ba a cika tsananta wa tsohuwa ba. Ita dai ba wanda ya ce mata lokaci ya yi, ita kuma ba ta ga dalilin tambaya ba.

Murja, autarta, ma'aikaciyar jinya ce, ita ta taɓa kawo mata labarin wata likita 'yar Indiya da suka yi aiki tare. Likitar ta ce su ma can suna da irin wannan, farda suke kiran sa, wato labule, kuma ba Musulmi kaɗai ke yi ba. Bambancin, in ji ta, Musulma baƙon namiji take ɓuya wa, amma a gidajen masu addinin Hindu, surukinta da yayyen mijinta na cikin gida su ne mace ke ja wa mayafi ta rufe fuska. Lantana na yagar nama ta ji wannan, ta yi dariya har da tafa hannu.

"To ni, Auta, ai duka biyun nika yi. Ki ce ma likitarku na hi su."

Gaskiya ta faɗa. Malam Jelani, wan Alhaji, shi ne babban gida, a zauren waje yake zama da ɗalibansa, magidanta masu karatun littattafai, daga hantsi zuwa azahar. Shekara talatin da tara suna shan ruwan rijiya ɗaya, amma Lantana ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa kallon tsakar idonsa ba, maganar da ta taɓa haɗa su kuwa ba ta wuce gaisuwa daga bayan labule ba. Kunya ce, kuma kowa a gidan yana yaba mata a kai.

Abin da ya hana zaman ya zame mata kaɗaici shi ne Sadiyatu. Bayan gidan Alhaji ya haɗa katanga da gidan wani mahauci, Sadiyatu ce matarsa, ta riga Lantana zuwa unguwar da shekara biyu. A lokacin katangar ta ƙasa ce, damina ta cinye wani gefe, ta wannan gurbin suka fara gaisawa. Da aka zo sake ta da bulo, Alhaji da kansa ya ce wa magini ya bar gurbin bulo ɗaya daidai ƙirjin mutum, "don kada matan ga su rushe mani gini." Suka sa wa wurin suna taga. Ta nan garwashi ke wucewa, da gishiri, da daddawa, da labarin wadda ta haihu da wadda ta yi yaji. Ta nan Sadiyatu ta zuro hannu ta riƙe na Lantana ranar da ta rasa ɗanta na uku, ba ta saki ba har inuwa ta juya.

Kowace safiya da irin gaisuwarsu.

"Ta Dundaye, an tashi? Ko har yanzu ana can ana mahwarkin gona?"

"An tashi, 'Yar Birni. Ku da ba ku san saniya ba sai an heɗe ta."

Ita Sadiyatu kullen tsari ake mata, saboda haka ta shigo gidan Lantana sau tara, wajen suna da biki. Lantana ba ta taɓa taka nata gidan ba. Baya da baya gidajen suka haɗu, kowace ƙofa lungunta daban take kallo, sai an zagaya. Kuma me za ta je yi, alhali ga ta nan a taga?

Alhaji Ashafa ya rasu a farkon damina, ciwon kwana huɗu. Lantana ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, wanda a lissafin gidan kwana ɗari da talatin ne cif. Ta ajiye turare da kwalli da lalle. Ta sa aka ƙirgo mata ƙwallon dabino ɗari da talatin a kwano, kowace safiya ta ɗauke ɗaya ta jefa a wani kwanon. Sadiyatu ta zo gaisuwa ranar uku, zuwanta na goma ke nan, ta zauna kusa da ita cikin mata sun fi arba'in, ba ta yi tsiya ko ɗaya ba.

A kwana na tamanin da uku aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sule, babban ɗan Sadiyatu, bai daɗe da ɗora sabon ɗaki a jikin katangar ba, magini kuma ya karkata indararon ya kalli gidan Alhaji. Kafin la'asar ruwa ya cika madafar Lantana, ya jiƙa itace, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya sami buzun da Alhaji ke salla a kai, wanda tun rasuwarsa ba ta bari kowa ya taɓa ba. Tana cikin ruwa har idon sawu ta nufi taga.

"Sadiyatu!"

Da jin sunanta na yanka Sadiyatu ta san ba lafiya ba. Ta taho da sauri, faifai a ka saboda yayyafi.

"Subhanallahi, Ta Dundaye, mi ya hwaru?"

"Kun ga mai gidan ya kau, shi ya sa kunka maishe mu magudana. Da yana raye ɗanki bai isa ba."

"Ni kika hwaɗa ma haka? Ni?"

"Ke hwa."

Ta ɗauko tsohon buhu, ta dunƙule shi, ta cusa a tagar.

Washegari tun kafin rana ta yi zafi Sule ya kawo magini aka juya indararon, ya kuma tsaya a zaure ya ba Malam Jelani haƙuri. Safiya uku a jere Sadiyatu na zuwa bayan buhun tana kira. "Ta Dundaye, ki cire tsumman ga mana, iska ba ta shigo muna." Lantana na ji, ta yi kamar tana lazimi. Gaskiyar magana tun a rana ta biyu fushin ya tafi, nauyin baki ne ya rage. Ita ta yi ɓarin magana, ita ya kamata ta fara, kuma tsakaninsu ba a taɓa yin abin da ya kai ga ban haƙuri ba, balle ta san ta inda ake kama shi. Ta ce bari sai Juma'a, ranar alheri. Juma'a ta zo ta wuce, ta ce ta gaba. A rana ta huɗu Sadiyatu ta daina kira. Kwana goma sha tara buhun nan ya yi a wurin.

A kwana na ɗari da biyu Murja ta shigo da rana tsaka, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Inna, Inna Sadiya ta hwaɗi a bakin murhu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. An tahi da ita asibiti."

Lantana ta tashi ta je ta zare buhun, ta leƙa. Ba kowa a tsakar gidan, tukunya na bisa murhu, wuta ta mutu.

Kwana shida aka yi aka dawo da Sadiyatu, aka ce a ci gaba da kula da ita a gida. Ɗakinta yana can ƙarshen tsakar gidan, daga taga labulen ƙofar kawai ake hangowa. Harshe ya ƙi tashi. Murja ta gwada haɗa su ta waya, ba abin da Lantana ta ji sai numfashi. Abu ɗaya take so yanzu a duniya, ta nemi gafarar Sadiyatu, ta kuma san an yafe mata. Sai ta aiki Murja.

"Ki ce mata Ta Dundaye ta ce ta yahe mata, don Allah don Annabi. Ki ce bakina ne ya yi, zuciyata ba ta ciki."

Murja ta je ta dawo, ta zauna a bakin gado tana wasa da igiyar hijabinta.

"Na hwaɗa mata, har sau biyu. Ta riƙe ni da hannun hagu, hawaye na zuba, baki na motsi, amma wallahi Inna ban gane ko kalma ɗaya ba. Hussaina ta ce duk macen da ta yi sallama sai ta juyo da ido, in ta ga ba ke ba ce ta maida kai bango." Hussaina 'yar Sadiyatu ce, wadda ta baro gidan mijinta ta zo jinya. Murja ta matso. "Inna, ki tashi mu tahi. Na ƙirga da ƙahwata, daga ƙoharmu zuwa tasu taku ɗari huɗu da goma sha biyu ne. Minti shida. Ki zauna minti goma mu dawo, ko tuwo bai huce ba."

"Ina takaba, Auta."

"Na ji wani malami a rediyo ya ce mai takaba na iya hita da rana in da lalura."

"Malamin rediyo shi ya aure ni?"

"To bari in tambayi Baffa, ga shi nan a zaure."

"Kul! Kada ki kuskura. Ki je ki ce ma wan ubanki mi? Ƙasar kabarin ƙaninsa ba ta bushe ba, matarsa na neman hanyar unguwa? Ina zan kai huskata a gidan ga?" Ta jawo kwano ta zube ƙwallayen a tabarma, ta ƙirga su da yatsa. "Ashirin da ɗaya. Kwana ashirin da ɗaya ai kamar gobe ne. Sadiya ƙarhi gare ta, goma ta haihwa ba wanda ya kai ta asibiti. Za ta jira ni."

Murja ta san abin da idonta ya gani a ɗakin can, aikinta ne. Amma ba a gaya wa uwa irin wannan kai tsaye. Ta ce, "Allah shi sa." Ta bi ta wata hanyar, ta roƙi Sule ko za a ɗauko maras lafiyar a kujera a kawo ta bakin taga. Sule ya ce uwarsa ba kayan shanya ba ce da za a riƙa ɗagawa ana kaiwa jikin katanga, mai son ganin ta ƙofa a buɗe take. Ba wanda ya ga laifinsa.

Ranar da ƙwallo ya rage goma sha biyar Lantana ta yi yunƙuri, ita kaɗai, ba ta gaya wa kowa ba. Da hantsi ne. Ta hango Hussaina ta taga tana shanya zanen gado na uku tun safe, ta tambaye ta mai jiki, Hussaina ta ce mata jiya ko kunu bai wuce ba. Lantana ta shiga ɗaki ta zura hijabi, ta lalubo takalmin da ta je Makka da shi, ta ratsa tsakar gida, ta shiga zauren ciki. Nan ta tsaya. Ta jikin asabari tana jin muryar Malam Jelani yana fassara wa ɗalibai, tana hango takalmansu a jere, na mutum bakwai. Kafin ta kai lungu sai ta bi ta gabansu. Ba wannan ne ma ya fi ɗaure mata ƙafa ba. Ta samu kanta tana waige-waigen wanda za ta durƙusa wa. Ba ta taɓa wuce wurin nan ba sai da kalma ukun nan a kunnenta, mai faɗin su kuma ga inda yake. Sai ta ji karatu ya tsaya, ta ji Malam ya yi gyaran murya, ta ji motsin mutane suna tashi. Kunya ta lulluɓe ta, ta ce a ranta shi ke nan an gan ta. Ta juya da sauri ta koma ɗaki, ta cire takalmin ta tura ƙarƙashin gado.

Kwana shida bayan nan, ranar Talata da hantsi, tana tsintar shinkafa ta ji salati ya tashi a bayan katanga. Muryar Hussaina ce ta fara, sauran suka kama. Ba ta buƙaci a zo a gaya mata ba. Ta ajiye faifai ta je taga, nan ta tsaya har azahar. Ta ga an shiga da ruwa bokiti uku. Ta ga an shiga da farin yadi. Ta ga an fito da makara a lulluɓe, maza huɗu na riƙe, sun bi ta tsakar gida, tsakaninta da su bai kai taku goma ba. Wannan ne ganin da ta yi mata. Da ta koma ɗaki ta leƙa kwano, ƙwallo tara ne a ciki.

Ta cika taran ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage ko rabin yini ba, tunda babu sauran abin da ake sauri dominsa. Ranar fita aka yi mata wanka da kitso, ta ɗaura sabon zane, aka raba waina, mata na shigowa suna yi mata barka tana amsawa. Washegari da safe, kafin Malam ya fito zaure, ta ce wa Murja ta raka ta gaisuwa.

Ta yi bisimilla ta ƙetare ƙofa. Ba wanda ya tsayar da ita, ba ma wanda ya kalle ta sau biyu. Wata tsohuwa ce cikin hijabi tana tafiya a lungu, irinta uku suka wuce su a hanya. Kusurwa uku suka sha, suka wuce wani kemis, da famfon burtsatse, da rumfar mai cajin waya. Minti bakwai, don gwiwa. Da Murja ta nuna mata ƙofa ta ce sun iso, sai Lantana ta dafa bango.

"Nan ne? Har mun zo?"

"Nan ne, Inna."

Sannan Lantana ta yi sallama.

Hussaina ta tarbe ta, ta kai ta har ɗakin. An riga an fitar da gado, katifa na jingine a bango, ga wata 'yar fanka a ƙasa. Bayan an yi addu'a an shafa, Lantana ta jira sauran mata suka rage, ta kamo hannun Hussaina.

"Ɗiyata, ki hwaɗa mani tsakaninki da Allah. Ta ce wani abu a kaina?"

"Inna Lantana, bakinta bai buɗe ba har ta cika. In an ambaci sunanki dai takan ɗaga hannu."

"Hannun, kira take yi ko kora?"

Hussaina ta sunkuyar da kai. "Wallahi ban sani ba."

Da suka dawo Malam Jelani na zaune a zaure shi kaɗai, ɗalibai ba su iso ba. Ba hanyar kaucewa. Lantana ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta durƙusa can nesa kusa da ƙofa ta gaishe shi. Ya amsa yana kallon littafin da ke gabansa.

"Hajiya, an je gaisuwa?"

"An je, Allah gafarta Malam."

"Allah shi jiƙan ta, macen kirki ce. Ni kau na yi ta mamaki da ban ga kin hita dubiya ba, alhali kowa ya san yadda kuke."

"Ina takaba, Malam."

Ya ɗago, sannan ya sake mayar da ido ƙasa.

"Takaba ba ta hana wannan, Hajiya. Kwana ne mai takaba ba ta yi a waje. Da rana, in lalura ta kama, tana hita ta dawo kahin magariba. Mahaihiyarmu, tana cikin takabar Malam babba, sau biyu ta tahi duba ƙanwarta, daga gidan ga, ta ƙohar ga." Ya gyara zama. "Akwai ranar da na ji motsi a zauren ciki, na hangi gehen hijabi. Na katse karatu na sallami ɗalibai don in ba ki hanya. Sai na ji kin koma."

Murja, da ke tsaye bayan Lantana, ta toshe bakinta da hannu.

"Na so in kira Murja in ce ta gaya maki ki tahi," in ji Malam, muryarsa ta yi ƙasa. "Har na buɗe baki. Sai na ga bai dace ba a ce ni ne na hwara cewa matar ƙanina ta hita, shi ko wata huɗu bai cika ba. Na ce in tana so za ta aiko."

A waje mai ruwa ya wuce yana kaɗa ƙarfensa a jikin kura. Lantana ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a gidan nan.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya."

"Ina ji."

"Wanda ya nemi gafara wurin mutum, saƙo ya isa, amma mutumin bai samu bakin amsawa ba har ya cika. An yahe mashi, ko ba a yahe ba?"

Malam Jelani ba mutum ne mai faɗin abin da bai sani ba don ya faranta wa wani rai. Ya shafa gefen littafin.

"Neman dai kin yi, wannan na kanki ne, kuma kin sauke. Abin da ke cikin zuciyarta kuwa, ita da Ubangijinta sunka sani. Ba ni iya ce maki e, ba ni iya ce maki a'a. Ki yawaita mata addu'a, ki yi mata sadaka."

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba.

"Na gode, Malam."

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shige ciki. A makon ne aka kawo mata sabon gero daga gonar 'yan'uwanta. Ko hijabi ba ta cire ba ta ce wa Murja ta auno mudu huɗu ta jiƙa, za a yi gumbar sadaka. Murja ta ce mudu biyu ma ya ishi lungun nan da na bayansa. Lantana ta ce ta jiƙa huɗun.